Hanyar Tulu da Zanar Kawunku Sale

Kun taso kun tarar gidanmu da gidan kawunku Sale ba a kai wa juna tuwon Salla, kuma na san abin da aka gaya muku. An ce wai uwarku ta tozarta wanta a bainar jama'a saboda kifi. Kifi! Ni da ko ƙarninsa ba na so a hannuna. Na yi shiru shekara da shekaru don waɗanda abin ya shafa suna raye, yanzu kuwa duk sun riga ni, saura ni kaɗai da ƴan haƙorana. To ku gyara zama ku ji daga bakin mai ita, tun kafin in tafi a ci gaba da yi mini ƙari.

Kakanku, wato Babana, shi ne Sarkin Ruwan tabkinmu, kamar yadda ubansa ya riƙe kafin shi. Ba wata sarauta ba ce mai doki da algaita, gora ɗaya ce tsohuwa ta hawa ruwa da ake rataye ta a zaure. Amma duk tsawon rani ba mai jefa homa a tabkin nan sai bazara ta yi, ruwa ya ja baya, Baba ya sa rana. Ranar su, wato kamun kifin gayya, shi zai fara shiga ruwa kwance a kan gorarsa, ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, sannan kowa ya auka. Mutane suna zuwa daga Guci da Yekuwa, har daga Dogo-Dogo, a ƙasa da kan jakuna da amalanke. A yi su da safe, da la'asar a yi kokawa, ƴan mata su yi gaɗa har muryoyi su dishe. Ba mai ba da ko dala. Mai hali ya yi wa makaɗa kari, marar hali ya yi tafi, kowa ya koma gida da abin miya. Doka ɗaya ce na taso ina jin Baba yana nanatawa duk shekara kafin ya shiga ruwa: duk wanda ya nufo tabki da tulu ko ƙwarya, ɗan gari ne ko baƙo, ba a tare masa hanya.

Tabkin namu gefe ɗaya ne yake da mashiga mai kyau, sauran duk taɓo ne mai haɗiye ƙafa da shingen ƙayar masu lambu. A wannan gefe mai kyau ne, tun zamanin Nasara, masu sayen gyaɗa suka kafa filin awo. Suka yi daɓen siminti mai faɗi, suka gina mangaza, wato babban ɗakin ajiyar buhuna, suka kafa ma'auni. Ina ƙarama na ga dalar buhunan gyaɗa ta fi gawo tsawo, kamiyo, manyan motocin kaya, na shiga na fita, ƴan dako na waƙa da buhu a ka. Amma ko su, da duk ƙarfinsu, da suka zo kewaye filin sai da kakana ya tsaya musu, suka bar wata ƴar siririyar hanya ta tsakiya don mata masu ɗibar ruwa. Ita muke kira hanyar tulu. A filin nan Yaya Sale ya yi ƙarfi, shi ne babban ƴan dako tun bai yi gemu ba.

Sai fari ya zo. Ba zan tsaya ba ku labarinsa ba, don har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. Tabki ya ƙafe ƙaf har ƙasansa ya tsattsage, gyaɗa ta mutu, kamiyo suka daina zuwa. Filin awo ya koma juji, rufin mangaza ya yaye, jemagu suka tare a ciki, ƙaya ta fasa siminti ta fito. Idon Baba ya fara rufewa a shekarun nan. Yaya Sale ya binne ƴaƴansa biyu a wata ɗaya, ya ɗauki sandarsa ya ƙetara Kano yin dako. Ku riƙe wannan da kyau, don ba na so ku raina shi: duk tsabar da Baba da Inna suka ci a shekarun nan, daga wuyan Yaya Sale ta fito. Ni ina gidan babanku, muna fama da namu bakunan.

Shekarar da soja suka karɓi mulki ruwa ya dawo. Tabki ya cika har ya taɓa gindin siminti, kwaɗi suka hana mu jin kiran salla. Da rani ya yi nisa sai yara suka fara cewa sun ga tarwaɗa na juyi, tsofaffi suka ce gaiwa ma ta fito daga cikin laka inda ta kwanta duk shekarun nan. Yaya Sale ya dawo gida da wata dabara da ya gano a birni. Ya tara samarin gari, suka sare ƙaya, suka kwashe juji, suka kori jemagu da hayaƙi, suka yi wa mangaza rufin kara, suka shafe ta da farar ƙasa. Suka zuba rairayi a gefe don ƴan kokawa. Wallahi wurin ya yi kyau, in ka tsaya kan siminti da yamma ka ga inuwar farar mangaza a cikin ruwa sai ka ce ba garinmu ba ne. Ni da kaina na riƙa kai musu kunu ina yi masa kirari. Ban san sauran shirin ba sai ranar da na ga jakuna suna sauke zana tuli guda a bakin fili.

Na same shi a zauren Baba da rana tsaka, Baba na kishingiɗe, Inna na daga ciki tana jin mu.

"Yaya, zanar nan ta mece ce?"

"Ta kewaye fili ce. Bana da ƙofa za a yi. Mai shiga ya ba da ɗan abin da aka yanka, ba yawa."

"Su ɗin ne za a saya?"

"Dije, kin san abin da na zuba a wurin nan? Na kira makaɗa, na kira ƴan kokawa daga nesa, iska za su ci? Gidan nan kuma damina na tafe, rumbu kin leƙa shi?"

"Na leƙa. Na kuma leƙa na mutanen Yekuwa da ido, na ga yadda suke zuwa kasuwa. Mutumin da ya sayar da tabarmar kwanansa, me zai ba ka a ƙofa? Ka bar masu hali su yi kari kamar kullum."

"Kari! A Kano ko ƙwallo za ka kalla sai ka biya, kuma ba wanda ya mutu."

"Nan ba Kano ba ce. Hanyar tulu fa?"

"Na sa a yi shela, kowace mace ta cika randarta tun jajibiri. Yini ɗaya ne."

Sai na juya wajen Baba. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Na ce, "Baba, ka ji fa." Ya daɗe yana murza carbinsa, idanun nan farare suna kallon rufi. Sannan ya ce a hankali, "Uwata, Sale ke ciyar da gidan nan." Na fito zuciyata na tafasa, ba don na rasa amsa ba, sai don na gane abin da ya faru. Mutumin da duk ƙasar nan ke jiran ɗaga hannunsa, yunwa ta ɗaure masa baki a zaurensa. Inna ta biyo ni har ƙofa tana cewa in rufa mata asiri in bar maza da sha'aninsu. Babanku ma da na gaya masa cewa ya yi, "Ke dai ki sayar da furarki ki dawo." Na ce to. Kuma Allah ya sani da niyyar hakan na fita.

Ranar su, da hantsi, na ɗauki ƙwaryar fura na nufi fili. Abin da na gani tun daga nesa shi ya fara sosa mini rai. Mutane sun zo, sun zo fiye da kowace shekara da na sani, don an daɗe ba a ga abin farin ciki ba. Amma duk suna waje. Sun zube ƙarƙashin gawuna da homarsu a kafaɗa, jakuna a ɗaure, mata da goyo, ba mai magana da ƙarfi. Wasu sun kwana suna tafiya. Zana ta tsaya musu doguwa daga shingen wannan lambu zuwa na wancan, ƙofa ɗaya tak, kuma an yi ta daidai kan hanyar tulu. Yaya Sale na tsaye a bakinta da sabuwar riga, da wani dogon kara da ya gitta. Ni ƴar gida ce, ya ɗaga mini na wuce. A ciki kuwa, ƴan kasuwa ne da ma'aikatan bariki da iyalansu, ba su cika ko rabin siminti ba. Makaɗa na ta bugu, amma kiɗan kamar a cikin rijiya.

Baba na zaune a bakin ruwa kan buzunsa, gora a gabansa. Lokacin shiga ya yi har ya gota, bai motsa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya lalubo hannuna.

"Uwata, mutanen ba su iso ba ne?"

"Sun iso, Baba."

"To ban ji su ba. Da, tun ina gida nake jin su kamar kasuwa. Yau kalangu kawai nake ji."

Sai ya saki hannuna ya ce, kamar da kansa yake magana, "Wa zan ɗaga wa hannu?"

Na tashi na bar furar a nan, na fita. A bakin zana wata tsohuwa ta riƙe mini zane. Ban san ta ba, daga baya na ji daga wajen Yekuwa take, shanunsu sun ƙare a fari. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ta ce, "Ƴata, mu ba kallo muka zo saya ba. Ko ruwan sha ma sai da kuɗi ne a garin nan?" Jama'a, a nan ne abin ya tsinke mini. Ruwa ga shi muna jin sanyinsa ta cikin zana, ƴar Sarkin Ruwa na tsaye, baƙuwa na roƙon abin jiƙa maƙogwaro. Na ce mata, "Iya, jira ni nan, kada ki gusa."

Na tafi gida da sauri har ɗankwalina na faɗuwa. Tuluna cike yake tun jiya, na kai shi gindin zogale na tuntsurar. Na tattaro duk abin da ke riƙe ruwa a gidan: ƙorai, tasoshi, ludaya, butar alwalar babanku, har kaskon kaji ban bari ba. Na bi maƙwabta ina ƙwanƙwasa, ina cewa kowa ta juye tulunta ta fito, ta kuma ba ni aron ƙorai. Wasu suka ce Dije ta haukace. Amma matan garinmu an hana su hanyarsu ta gado, dama a cike suke, kafin in kai gida na biyar sun fi ni zafi. Muka fito da kaya niƙi-niƙi muka bi gindin gawuna muna rabawa. Na ce musu, "Duk wanda ke da abin ɗibar ruwa a hannu ya biyo ni. Ba faɗa, ba turereniya, ba mai taɓa zanar kowa." Wani ƙato mai gemu, ɗan su daga Guci, ya karɓi ludayi ɗan mitsitsi ya juya shi ya ce, "Da wannan zan shiga?" Na ce, "In ba ka so, ba wani." Ya rungume shi a ƙirji, mutane suka fashe da dariya, dariyar farko da na ji a ranar.

Na ɗora tulu a ka, na kama hannun tsohuwar nan, na yi gaba. Ba zan ce muku ban ji tsoro ba, amma ban yi shakkar inda na nufa ba. Makaɗa suka ga tahowarmu ta ƙofa, kiɗa ya mutu. Yaya Sale ya dube ni, ya dubi layin da ke bayana har gindin gawuna.

"Dije, ina za ki?"

"Ruwa zan ɗebo, Yaya."

"Randarki cike take. Na sani."

"Tuluna dai ga shi, ba ko ɗigo."

"Waɗannan fa?"

"Su ma ƙishi suke ji."

Ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya yadda ni kaɗai zan ji. "Kada ki yi mini haka. Don girman Allah, Dije, duk abin da na tara yana cikin wurin nan." Idonsa ya kawo ruwa. Wannan kallon har yau yana nan a ƙirjina, ban taɓa iya sauke shi ba. Na ce, "Yaya, ɗaga karan da hannunka, sai a ce kai ka buɗe." Bai motsa ba. Sai muryar Baba ta taso daga bakin tabki, da ƙarfin da na daɗe ban ji ba.

"Sale! Wa ke bakin hanya?"

"Dije ce, Baba."

"Me ke kanta?"

Yaya ya ɗaga kai ya dubi tulun. Baba ya sake tambaya. Yaya ya ce, "Tulu."

"To me kake jira?"

Yaya Sale ya ɗaga karan. Bai tsaya nan ba, ya kama zanar da ke gefen ƙofa ya fizge ta da ƙarfin ɗan dako, ta zube da turakunta. Ya ce mini, "Kin yi. Bakunan gidan kuma sai ki san yadda za ki yi da su." Ya juya ya bi ta cikin mutane ya tafi.

Abin da ya biyo baya, ku tambayi duk tsohon da ya rage a ƙasar nan. Mutane suka kwararo, kowa sai da ya fara durƙusawa ya ɗebi ruwa da abin hannunsa, har mai ludayi, don kada a ce ƙarya muka yi. Tsohuwar ta sha ta wanke fuska. Hayaniya ta tashi, sai na ga Baba ya karkata kai yana saurare, fuskarsa ta washe. Ya miƙe ba wanda ya tallafe shi, ya tuɓe riga, ya tura gorarsa cikin ruwa ya hau. Makaho, amma ya san tabkin nan fiye da tsakar gidansa. Ya kai tsakiya, ya yi addu'arsa, ya ɗaga hannu. Ƙarar da ruwan ya yi da mutane suka auka, na ɗauka hadari ne. Aka kama tarwaɗa da gaiwa har mata na ɗaurewa a zane. Da la'asar aka yi kokawa a rairayin da Yaya ya zuba, ƴan mata suka cika simintin da ya share, tsofaffi suka sha inuwar mangazar da ya rufa. Kowa na ta yabon wurin. Mai wurin kaɗai ne ba ya nan.

Yanzu ga abin da ya ci mini. Waɗanda suka biya da safe sun bi Yaya har gida, ya maida wa kowa abinsa, ya sallami makaɗa da ƴan kokawa daga aljihunsa, don karin da aka yi bai kai ko'ina ba. Kafin ruwan shuka ya kwashe matarsa ya koma Kano, kuma daga ranar ko ƙwayar gero ba ta ƙara zuwa daga wajensa ba. Daminar nan ni na ɗauki Baba da Inna. Na sayar da tasoshin aurena ɗaya bayan ɗaya, na yi noman ƙodago a gonakin mutane da cikin ɗayanku, muka ci tafasa da dusa har sabon gero ya nuna. Inna ta yi wata da watanni in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ta ce na kore mata ɗa, kuma ban yi mata musu ba, don ɗanta ne. Baba bai taɓa ce mini na kyauta ba, bai kuma ce na yi laifi ba. Ya buɗe ruwa sau biyu bayan wannan, sannan Allah ya karɓi abinsa. Yaya ya zo zaman makoki, na kai masa ruwa a zaure, ya kau da kai. Haka na ɗauko ƙwaryata a cike.

Kuna iya cewa da na bi ta lallashi. Na bi, a zaure, kun ji yadda ta ƙare. Kawunku ba mugu ba ne, mutum ne da ya binne ƴaƴa ya rantse yunwa ba za ta sake shiga gidansu ba. Amma da zanar nan ta kwana a tsaye shekara ɗaya, da ta zauna har abada, da yau ku ma sai kun biya za ku ga ruwan kakanku. In aka maida ni safiyar nan, da tsufana da ciwon gwiwata, tulun zan sake ɗauka.

Ya daɗe bai dawo ba. Sai da furfura ta rufe mu duka biyu, dako ya lanƙwasa masa baya, sannan ya komo gari ya zauna a tsohon gidan Baba. Muna haɗuwa a hanya, in gaishe shi, ya amsa a taƙaice, shi ke nan. Wata bazara, ranar su, ban je ba don ƙafa ta hana. Ina zaune a tsakar gida ina jin hayaniyar tabki daga nesa, sai na ji sallama a ƙofa. Na leƙa, Yaya Sale ne, da sanda a hannu ɗaya, da wata tsohuwar ƙwarya a ɗayan. Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Ya miƙo ƙwaryar.

"Dije, ƙishi nake ji."

Na ɗaga labulen ƙofa na matsa gefe. Na cika masa ita daga randa, ya zauna a kan turmina ya shanye tas, ya miƙo na ƙara.